Muryar Auta a Saman Jeri

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aikin situdiyo?

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba, na kashe wayata ne. Tun da manhajar sauraron waƙoƙi ta fitar da jerin waɗanda aka fi ji a shekara goman nan, "Bar Mini Ƙofa" ta zo ta ɗaya, kowa turo mini ita yake yi da sunan taya murna.

Kai ka ɗauki waƙar, ka san wadda ta yi amshin. A wurin jama'a murya ce mai daɗi marar suna. A wurina matata ce, ƙanwarka Auta, da muka binne tun 'yarmu Lele tana cikin tsumman goyo.

Mai askin da ke jikin shagona ita yake sakawa tun safe. Shekaranjiya ina gwada wani mutum, tef ɗin awo a wuyana, wayarsa ta yi ƙara, sai ga Auta daga cikin aljihunsa tana cewa, "Bar mini ƙofa, ina tafe." Na yanka yadinsa ba daidai ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Lele ta iya waƙar. Tana wanke-wanke tana rerawa, kuma daidai wurin da Auta ke ɗan sarƙewa ta ja numfashi, nan ita ma take sarƙewa. Na leƙa madafa don in tabbatar Lele ce. Ba ta san muryar wace ce ba, ban taɓa faɗa mata ba.

Yaya, babu yadda za a yi a sauke waƙar nan?

Naka,
Baban Lele

*

Baban Lele,

Na karɓi gaisuwa, ina mayar da ninkinta. Mai yadi kuma ka ba shi haƙuri, ka ce sabon yayi ne.

Maganar saukewa, ruwa ya riga ya zube. Ko mai waƙar da kansa bai isa ba, ta shiga wayoyin da ba su ƙirguwa. Ina kallon jerin nan tun farkonsa. Waƙa za ta hau, a yi wata biyu ana rawarta, ta faɗo kamar ba a yi ba. Wasu mawaƙan da suka riƙe saman yanzu ko gaisuwa ba a yi musu. Tamu ce kawai ta ƙi tafiya. Ka ɗauka ni ina jin daɗi? A kujerar da Auta ta zauna nake cin abinci.

Mai waƙar ya zo wurina. Ya ce mutane sun dame shi da tambayar wace ce matar, yana so ya sa sunanta. Na ce sai na ji daga bakinka.

Sarƙewar da ka ambata, bari in gaya maka. Ranar ɗaukar, cikin Lele ya tsufa. Tana tsakiyar amshi yarinyar ta harbe ta. Ta dafe ciki, ta ƙarasa baitin, sannan ta yi dariya ta ce, "Ke, bari in gama mana." Na yanke dariyar da maganar, na bar numfashin don ya yi mini daɗi a kunne. Asalin ɗaukar na nan, muryarta zalla babu kiɗa. Tun rasuwarta ban buɗe ba.

Ka faɗa wa yarinyar nan kafin ta ji a bakin 'yan makaranta.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yafe jinkirin amsa, na fara rubutawa ya fi a ƙirga ina yagewa.

Na faɗa mata. Ta dawo daga makaranta ta zauna a shago tana tsince mini maɓallai, waƙar na shigowa ta bango. Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Lele, kin san mai amshin nan?"

Ta ce, "Ba wanda ya sani, Baba. 'Yan ajinmu cewa suke aljana ce."

Na ce, "Mamarki ce. Kina cikinta a lokacin."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da maɓallan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta ce, "Ashe duk garin nan sun san muryarta, ni ce ban sani ba."

Tun ranar ba ta sake rerawa ba. Da ina roƙon Allah ta yi shiru, yanzu shirun ne ya cika gidan. In mai babur ya wuce da waƙar, sai ta tsaya cak ta bi shi da ido har ya sha kwana. Abinci ma sai an matsa mata.

Jiya ta ce a kai ta wurinka, Kawunta. Gwaggonta za ta kawo ta in an yi hutu. Ni ba zan iya shiga situdiyon nan ba. Maganar suna kuma, ku tambayi Lele, ta fi ni haƙƙi.

A gaishe da mutan gida.

Baban Lele

*

Baban Lele,

Gaisuwa. Sun iso lafiya.

Na zaunar da ita, na sa mata lasifikar kunne, na buɗe. Da aka zo wurin dariyar sai ta ce, "Da ni take?" Na ce da ke. Ta yi murmushi, sannan kukan ya zo, har da ni da Gwaggo. Bayan nan ta cinye abincinta tas. Suna kuwa ta ce a sa.

Da na miƙa hannu zan tsayar, ta riƙe mini yatsa ta ce, "Kawu, in ka kashe, ina take zuwa?" Sai na janye hannu, na bar muryar tana tafiya. Kullum yanzu tambayar ke nan.

Wannan ba ta kawu ba ce, ta uba ce. Ka rufe shago ka taho. Lasifikar guda biyu ce.

Yayanka