Minti Goma Sha Ɗaya

Laraba da dare, asibiti a Katsina

Yau ma likita ta gwada raba Yaya Sale da injin numfashi. Ta cire, ta bar masa iska kaɗan kawai. Ta ce, "Baba, ja numfashi da kanka. In ka cika rabin awa, an kama hanyar gida."

Na ce, "Yaya, kai da ka kori 'yan gayya daga gonarka a Mairuwa, wai ba ka son taimako?" Ya harare ni, har na ji daɗi.

Minti goma sha ɗaya ya yi, gumi ya karyo masa. Sai ya ɗaga yatsa, shi da kansa, ya nuna injin.

Na juya baya, don kada ya san na gani.