Gemun Surukina Ya Zube, An Ce Ni Na Ƙona Shi

Assalamu alaikum Anti Badi'a. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin abin da ke gabana ba ya jira. In kin ga maganar tawa tana hawa kan juna ki yi haƙuri, raina a ɓace yake.

Ni likita ce a wata cibiyar masu ciwon daji a Kano. Aikina shi ne magani da hasken na'ura: in duba hoton mara lafiya, in shata inda ciwon yake, in ƙayyade yawan hasken da za a riƙa haska masa kullum har ciwon ya mutu ba tare da an lalata naman da ke kewaye da shi ba. 'Yar Gwarzo ce ni, mijina kuma mutumin Durun ne a ƙasar Kabo. Zan kira shi Zayyad. Ba sunansa ba ne, ko da yake yadda nake ji yau bai cancanci in rufa masa asiri ba.

Mahaifinsa limamin masallacin unguwarsu ne, manomi kuma. Tun bayan azumin bara muryarsa ta dishe. An sha zuma, an sha citta da kanumfari, an sha rubutu, murya ta ƙi dawowa. Da ƙyar aka lallaɓo shi Kano, gwaji ya nuna ciwon daji ne a maƙogwaro, ya ɗan taɓa wuya. Anti, irin wanda ake warkewa ne in an kammala magani. Mu biyu ne kacal likitocin wannan fanni a wurinmu, ɗayan kuma ya tafi kwas, don haka fayil ɗin Baba a teburina ya sauka.

Kin san yadda muke da surukai. Tunda aka kai ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa daga ciki, shi ke nan. Shi ma kunyata yake ji, har ya fi ni. Dubawar da ta zama dole na yi ta, ni ina kallon maƙogwaro, shi yana kallon silin. Amma bayani, wanda kowane mara lafiya nake zaunar da shi in yi masa da bakina, sai na zaunar da Zayyad na yi masa don ya kai wa mahaifinsa. Na faɗa masa komai dalla-dalla. Za a yi wa Baba abin rufe fuska na roba daidai da fuskarsa, a riƙa maƙale shi a jikin gado don kada ya motsa. Zai riƙa zuwa kullum ban da Asabar da Lahadi har wajen mako bakwai. Fatar wuya za ta yi baƙi, haɗiya za ta yi zafi. Kuma gemunsa zai zube a inda hasken ke bi, wani wurin ya dawo, wani wurin wataƙila ba zai dawo ba. Wannan na ƙarshen har maimaita masa na yi, domin na san gemun Baba: dogo, ya sha lalle, kullum a taje. Zayyad ya shiga ɗaki, ya jima, ya fito da takarda ya ce Baba ya ji, ya yarda, ya sa hannu.

Ashe komai ya faɗa ban da gemu.

Magani ya karɓe shi sosai. Mun wuce rabi, kumburin wuya ya saɓe, numfashi ya daidaita. Sai ranar Juma'a, a masallacin unguwarmu a Kano, Baba yana alwala cikin mutane, ya sa yatsu yana tsefe gemu, gemu ya biyo hannunsa. Gefe guda, a gaban jama'a. Maƙwabcinmu da ya gani ya ce tsayawa ya yi yana kallon tafin hannunsa har aka ta da sallah. Bai dawo gidanmu ba. Ko jakarsa bai ɗauka ba, ya hau mota a Kabuga sai Durun.

Yanzu ana neman mako guda rabonsa da magani. Ki gane, a aikinmu ranar da aka tsallake ba mara lafiya ne ya huta ba, ciwon ne ya huta, ragowarsa ta sami damar sake tofowa. Kwana ɗaya ko biyu ina iya cike gurbinsu da lissafi. In aka yi nisa lissafi ba ya kamowa, kuma ba a komawa farko da wannan magani a wuri ɗaya kamar wanda shukarsa ta ƙi fitowa. Kowace safiya masu kula da na'ura sai su ɗauko abin fuskar Baba, su kalle ni, su mayar. Ga mutane nan daga garuruwa masu nisa suna jiran wannan gurbi, ni kuma na riƙe shi ina ta kame-kame.

Baba kuwa yana can ƙuryar ɗaki ya naɗe fuska da ƙyalle, ya bar wa na'ibi limanci, ko zaure ba ya fita. Ya ce ba zai koma a ƙarasa aske shi ba, in ajali ne ya same shi da kamanninsa.

Yayar mijina, Uwaliya, ta kira ni a waya ta wanke ni tas. Wai na mai da ubansu abin gwaji, wai na gasa masa fuska, wai dama 'yan boko ina suka san darajar gemu, wai da ubana ne zan yi masa haka? Ni! Ni da na yi ta gyara taswirar hasken nan ina kauce wa lakarsa da inda yawu ke fito masa, har abokan aiki suka fara tsokanata wai ko zane nake koyo. Zance ya zaga Durun, ya tsallako Gwarzo. Mahaifiyata ta shiga gidan suna, mata suka yi tsit.

Duk zagin nan Zayyad yana zaune kusa da ni, yana jin muryar yayarsa, ya yi gum. Da na tsare shi sai ya ce wai ya san in ya ambaci gemu Baba ba zai yarda a fara ba, don ceton ransa ya yi. Wai in daure in ɗauki laifin, tunda ni suruka ce za a manta, shi kuwa in Baba ya ji ɗansa ne ya ɓoye masa zai iya yi masa baki. Kin ji fa! Wato ni ce mai arha. Ya je Durun, ya zauna a zaure ya sha fura ya dawo, ya ce in ƙara wa tsoho lokaci. Lokacin wa zan ɗebo in ba shi?

Jiya na taho gidanmu a Gwarzo, don in na ci gaba da kallon fuskarsa zan faɗi abin da ba zai gyaru ba. Zuciyata tana ce mini in tura saƙon murya a guruf ɗin danginsu in fasa ƙwai kowa ya ji. Haushin Zayyad nake ji, haushin Uwaliya nake ji, har Baban kansa, Allah na tuba. Mutum mai ilimi, mai yi wa jama'a wa'azin neman magani, zai ba da ransa saboda gashin haɓa? Na san rai a hannun Allah yake, amma in wani abu ya same shi ni ce zan fi kowa sanin abin da aka bari ya kuɓuce. Anti, me zan yi?

Likitar da aka mayar mai laifi, Gwarzo.

Wa alaikumus salam, likita. Sannu da ɗawainiya. Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki haɗiye shi ba. Ki dai ajiye shi a gefe tukuna, zai jira ki. Ciwon ne kika ce ba ya jira.

Zayyad ya yi laifi biyu. Na farkon tsoro ne da son mahaifi suka sa shi, ana iya yi masa uzuri. Na biyun, zama ya yi shiru ana zagin matarsa a kan abin da shi ya aikata, wannan son kai ne, kuma ku da shi kuna da zama a kansa nan gaba. Amma kada ki tura saƙon nan. Zai wanke sunanki, ya kuma ƙara kulle ɗakin Baba. Mutumin da kunya ta ɓoye shi ba a fito da shi ta hanyar sanar da dangi kaf cewa ɗansa ya yi masa dabara.

Ke ma ga naki kason, ki karɓe shi da haƙuri. Da bakinki kika ce kowane mara lafiya kina zama ki yi masa bayani. Baƙon da ba ki taɓa gani ba ya sami wannan haƙƙi, surukinki bai samu ba. Ni ma da kunyar surukai aka raine ni, ban raina ta ba, amma don girmama babba ake yin ta, a nan kuwa tauye shi ta yi.

Kuma ki daina cewa gashin haɓa. A wurinsa da shi yake tsayawa gaban sahu. Sannan ina zaton ba zubewar kaɗai ta kore shi ba. Wanda aka gaya wa abu kafin ya faru, in ya faru sai ya ƙara yarda da likitansa. Wanda ba a gaya wa ba, sai ya ɗauka kuskure aka yi, ya zauna yana tunanin me kuma zai zube gobe. Baba bai san maganin yana tafiya daidai ba. Babu wanda ya faɗa masa.

Ki kira Zayyad yau, ki ce gobe da safe Durun za ku. Shi zai fara shiga, shi kaɗai, ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya. In ya noƙe, ki sanar da shi cewa ke za ki faɗa, a ɗaki, ba a waya ba. Daga nan ki durƙusa inda kika saba, surukarki, matar Baba, tana zaune, labule ma a bar shi a sake in hakan ya fi muku sauƙi. Ki nemi gafararsa kan cewa ba ki yi masa bayani da kanki ba, sannan ki yi shi yanzu: abin da ya rage, wahalar da ke gaba, da gaskiyar zancen gemu ba tare da alkawarin da ba ki da iko da shi ba. Ki tabbatar ya fahimci cewa dainawa ba za ta mayar da abin da ya zube ba, ciwon kawai za ta mayar.

Ɓangaren addini kada ya fito daga bakinki. Ku nemi malami sa'ansa wanda yake jin maganarsa, ya tuna masa bambancin wanda ya aske da wanda lalura ta ɗauke wa. Ku tafi masa da rawani mai laushi da zai ja amawali ya rufe haɓa, in kin ga fatar za ta ɗauka, kuma ki sa shi a farkon layi don kada ya zauna cikin idon mutane. Abokin aikinki in ya dawo ki miƙa masa ragowar kulawar. Uwaliya kuwa ki bar wa ƙaninta, shi zai kira ta ya gyara abin da ya ɓata.

In Baba ya ji komai ya ce a'a, haƙƙinsa ne. Ki saki gurbin ga mai jira, ki ci gaba da kula da shi yadda ya yarda. Amma ban zaci zai ce a'a ba. Dattijo yana iya yi wa likita gardama, yana iya korar ɗansa. Surukar da ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ranar da ta buɗe baki ta roƙe shi ya tsaya a yi masa magani, da wuya ya iya mayar da ita hannu wofi.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya mayar da shi gaban sahunsa, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Ki tafi gobe, likita, kada ki bari ta kai jibi.

Anti Badi'a