Layin da Na Zana a Ƙafata

Litinin, 6 ga Oktoba

Jiya na faɗo daga tsani wajen duba tankin ruwa. Tun kafin a ɗaga ni na san abin da ya karye: kan ƙashin ƙauri, daidai inda gwiwa take zaune. Hoto ya gaskata ni. Ya tsage ciki da waje, gefe guda ya lotsa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gyara irin wannan karayar, yau ga ni a gadon da na saba tsayawa a kansa ina faɗa. Maiɗakina ta ce da na kira mai gyaran famfo. Na ce ita ma da ta riƙe tsanin.

Ba na jin tsoro. Buƙatata guda ce, gwiwar nan ta sake ɗaukata a tsaye a ɗakin tiyata. In ta kasa, aikina ya ƙare ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba

Auta ce za ta yi aikin. Ita ce ta ƙarshe cikin likitocin da na koya wa, shi ya sa sunan ya bi ta. Hannunta na da kyau, ai a wurina ta samo shi. Ta zo tana jero mini hanyoyi sai ka ce ban taɓa jin su ba. Kusoshi zalla, waɗanda ni da ita mun san ba za su riƙe wannan ba. Farantin ƙarfe ɗaya a gefen waje. Faranti biyu. Ko zobban ƙarfe da wayoyi daga wajen fata, abin da na tsana, mutum ya yi ta yawo da keji a ƙafa.

Na tare ta. Faranti biyu, yanka ɗaya a tsakiya, jibi. A ɗago inda ya lotsa, a cike ramin da ƙashi, a ɗaure, a wuce wurin.

Ta ce, "Malam, dubi fatar. Ƙyalli take yi kamar an shafa mata mai."

Ta tuna mini dokar da na sha maimaita musu: ba a yanka kumburarriyar ƙafa sai an matsa fatar ta yamutse. Na ce wannan dokar ta marasa lafiya ce. Ta ce to ni fa mene ne yanzu? Yarinyar nan ta yi baki.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na bari sun sa mini sandunan ƙarfe na wucin gadi daga cinya zuwa ƙauri, su riƙe ƙashin. Don a zauna lafiya kawai.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ari alƙalamin da muke zana fata da shi daga aljihun babbar nas. Na ja layin yankana da kaina, miƙaƙƙe, daga ƙoƙon gwiwa zuwa ƙasa. Ya yi kyau. Na ce mata ta sa ni a aikin gobe, ta ce "To, Yallaɓai," ta tafi, kamar yadda ta saba yi shekara da shekaru. Ba ta ko tuna cewa rigar asibiti ce a jikina ba.

Da la'asar Auta ta shigo, fuska ba walwala. Ta cire ni daga aikin goben. Ta kuma ce in lokaci ya yi, ba a tsakiya za ta yanka ba, ƙananan yanka biyu za ta yi a gefe da gefe. Na matsa fatar a gabanta, na ce ga ta nan ta yamutse. Ta matsa da kanta, ta dube ni, ta girgiza kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce in ba za ta iya ba, akwai wasu.

"Akwai, Malam. Ka kira duk wanda ka ga dama. Ni dai ba zan yanka wannan ba."

Ban kira kowa ba. Ba don komai ba, sauran duk ba su kai ta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bororo ya fito. Mai jini, baƙi, faɗinsa ya kai tafin hannun jariri. A kan layina ya zauna, tsakiya cif, har tawadar ta ɗago tare da fatar.

Na daɗe ina kallonsa. Na san abin da ke faruwa da fatar da aka yanka a irin wannan wuri: ta mutu, ta buɗe, faranti ya leƙo waje, ƙashi ya kama ruɓa. Na taɓa ganin ƙafafun da suka tafi ta wannan hanyar. Na ja zane na rufe.

Ai ko ban zana layin ba, zai fito. Bororo ba ya karatu.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Auta ta buɗe zanen, ta ga bororon, ta ga layin. Na shirya amsa. Sai kawai ta ce wa nas a kawo auduga, ta wanke, ta rufe, ta ƙara mini matashi a ƙarƙashin ƙafa. Da ta yi gori, da na fi jin daɗi.

Maiɗakina ta ce yau ne na farko da na yini ban gyara wa kowa aikinsa ba, ko zazzaɓi nake yi?

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kumburi na sauka. Auta ta ce in fatar gefen ciki ba ta warke yadda take so ba, faranti ɗaya za ta sa, ta tallafe shi da zobba. Na ce keji? Ta ce keji. Na ce za mu gani. Har yanzu ina ganin faranti biyu sun fi. Ban dai sake matsa fatar da kaina ba, hannuna ya gaji.

Litinin, 20 ga Oktoba

Auta ta matsa da safe, fatar ta yamutse kamar ta tsohuwa. Gobe ne aikin.

Likitan barci ya leƙo yana dariya. Ya ce ya san halina, allurar baya zai yi mini ya kashe rabin jiki, ya juyo mini da allon hoto in kalli kowace kusa tana shiga, in ba da umarni in na so. Har ya faɗa wa yaransa su shirya shan faɗa.

Na ce a'a, ya sa ni barci gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallona. Na ce kwana biyu ban sami barcin kirki ba, shi ke nan dalilin.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa za ta fita, ta ce ban tambaye ta wanne ta zaɓa ba, faranti biyu ko zobba.

Na ce, "In na farka zan gani."