Farar Kyanwa a Ƙofar Ɗakin Jego

'Yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Barka da sauka lafiya. Tun da aka ce na yi jika bakina ya ƙi rufuwa, abokan gadina a nan Ibadan sai tsiya suke min. Allah Ya raya shi.

Lafiyata ƙalau, amma ba zan samu zuwa Shanono suna ba. Ƙodar kyanwata ta lalace, ga ta kwance ko tashi ba ta iyawa.

Innarki ta ce wata farar kyanwa mai yankakken kunne tana zama ƙofar ɗakinki tana kallon jaririn. Khairiyya, haka tawa take. Kada ku jefe ta. Ku tofa wa yaron addu'a, ita kuma ku ajiye mata ruwa, don a nan ta daina sha.

Babanki,
Abdulkabir