Rigunan da Kike Aiko wa Smaranda

Gida, gefen Vaslui,
19 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanwata Otilia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara miki ƙarfin baya da haƙurin ɗawainiyar tsohuwar nan da kike jinya a can ƙasar waje, a birnin Padova. Mu nan muna nan da rai. Ƙafar mijina Toader ta yi sauƙi, har ya koma faɗa da kaji. Saniya ta haihu, mace. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar maƙabarta kusan mako biyu, amma ranar Asabar na samu na je na kunna kyandir a kabarin mijinki Ilarie, na kuma share na iyayenmu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da rabona da biro tun ina amarya, alhali kowace Lahadi muna ganin juna a waya. To, wayar ce nake gudu. Da na ga fuskarki a cikinta, da jan-bakin nan da kike shafawa don kada mu ga gajiyarki, sai bakina ya ce komai lafiya tun kafin in ba shi izini. Haka muka saba a garin nan, wanda ke can waje ba a gaya masa abin tayar da hankali. Shi ya sa na damƙa wa Fane direba wannan ambulan, na ce ya sa miki a hannu ranar Lahadi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. 'Yarki Smaranda tana nan a gida, tana tafiya da ƙafarta, amma ba ta da lafiya, kuma yau mako shida ke nan ina ɓoye miki.

Maganar ta faro ne daga kwalin da kike aikowa a motar Fane. Kin san al'adar kowane gida a nan: in saƙo ya iso, wanda aka aiko wa tufa ya sa a ranar, a ɗauki hoto a tura. Ni ce mai ɗaukan hoton, a gaban murhu, wajen da haske ya fi kyau. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, rabonki da ganin 'yarki a tsaye tun tana shekara goma sha uku, kuma har yau awon yarinyar nan kike saye. A waya fuska kawai kike gani. Yanzu shekararta goma sha shida, ta fi ni tsawo, ta ɗauko kafaɗun ubanta. Shekara biyu ina zama a kan keken ɗinki ina farke rigunan ina ƙara musu faɗi kafin a yi hoto. Na ce a raina, mace tana can tana wanke wa tsohuwar mutane jiki, ta ware ranar hutunta ɗaya tana yawon kasuwa, ni ce zan ce mata ba ta san awon 'yarta ba? Sai na ja bakina.

A ƙarshen bazara kika aiko da shuɗiyar rigar nan mai zif a baya. Na juya ta ciki da waje, babu ko ɗan yatsa ɗaya na yadi da zan saki. Muka ja zif, ya ƙi. Muka yi hoton ta gaba kawai, bayan a buɗe, ni ina dariya. Nan ne na faɗi maganar da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Na daki cinyarta na ce, 'yar nan, sai ki rage wa tukunyar mamaliga, tuwon masarar nan, ziyara, in ba haka ba uwarki sai ta aiko da buhu. Wasa nake yi, kin san bakina. Ita ma ta yi dariya, ta cire rigar ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi.

Da azumin Kirsimeti ya kama, sai ta ce bana za ta yi shi cikakke, kwana arba'in, babu nama, babu madara, babu ƙwai. Na ji daɗi ƙwarai. Bayan mako ɗaya ta ce ta bar mai. Bayan wani makon ta ce ta bar burodi, wai haka masu zaman ibada a gidan sufaye suke yi. In na zuba mata miyar wake sai ta ce ta ci a makaranta. Ni kuwa, Veturia uwar wayo, na je bakin coci ina cika baki a gaban mata, ina cewa 'ya'yansu na can suna latsa waya, tamu tana azumin da ni kaina ban iya ba. A watan Disamba rigar nan ruwan ɗorawa ta iso. Ta shige ta sumul, ko allura ban taɓa ba. Na ɗauki hoto na tura miki, kika amsa da cewa 'yar jaririyarki tana nan yadda kika bar ta, ko kaɗan ba ta canza ba. Na ga tana karanta saƙon nan sau ba adadi.

Kirsimeti ya zo, Toader ya yanka alade, na cika tebur da sarmale, naman nan da ake naɗewa a ganyen kabeji, da cozonac, burodin biki mai zaƙi, yarinya ta yi ta tura abinci gefen faranti da cokali. A lokacin gabana ya fara faɗuwa, amma na ce cikinta ne bai saba ba tukuna. Ranar shida ga Janairu, da safe, muna tsaye a harabar coci ana sa wa ruwa albarka, sai kawai ta sulale ta faɗi cikin dusar ƙanƙara da kwalba a hannu. Da na ɗago ta ne na ji ƙasusuwan bayanta ta cikin riguna har uku. Maƙwabciyarmu tsohuwa Safta ta ce kambun baka ne, wai ni na jawo da yabon da nake yi. Ta biyo mu gida ta kashe ashana tara a kofin ruwa, ta shafa mata a goshi. Ban hana ta ba, na ma riƙe mata kofin. Fada Gherasim na cocinmu ne ya shigo da yamma, ya dubi yarinyar, ya kira ni waje. Ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Ya ce wannan ba azumi ba ne, kada in ƙara kiran sa da sunan, ciwo ne ya fake da ibada, kuma gobe gobe in kai ta wurin likita ko shi ya kai ta da motarsa.

Likitarmu ta auna ta, ta ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa, ta rubuta mana takarda zuwa wata cibiya a cikin gari da ke kula da matasa masu damuwa da iyalansu. Da na gaya wa Toader sai ya tashi tsaye. Ya ce a danginsu ba a taɓa kai kowa gidan mahaukata ba, yarinya dai ta ƙi abinci, a zaunar da ita a tebur ya tsaya a kanta, ya ga wanda zai gaji. Ni ma, kada in yi miki ƙarya, ranar farko sai da na ja ɗankwali na rufe rabin fuska don kada wani ɗan garinmu ya gan ni a ƙofar. Muna shiga, wa zan gani a kan benci? Matar mai gidan burodi da ɗanta. Ta dube ni, na dube ta, ta matsa ta ba ni wuri. Babu sarƙa, babu ihu. Ɗakuna ne da kujeru da tukunyar shayi.

Ga yadda suke aiki. Ranar Talata Smaranda takan zauna ita kaɗai da Malama Oltea mai ba da shawara, wata siririyar mata mai furfura wadda ba ta gaggawar magana. Likita yana duba zuciyar kowane mako. Akwai wadda ta tsara mana yadda za a ci abinci, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kowa a tebur ɗaya, an kuma hana ni cewa "ƙara cokali ɗaya saboda ni", an hana Toader zare ido. Ranar Alhamis ta iyali ce. Zuwan Toader na farko ya ce shi rakiya kawai ya yi, yanzu shi ke riga mu sa takalmi. Na gaya wa Malama Oltea maganar buhun nan ina kuka. Ba ta ce mini "ba komai" ba, ba ta kuma ɗora mini duka laifin ba. Ta ce irin wannan ciwo ba magana ɗaya ke kawo shi ba, kuma ba mutum ɗaya ke warkar da shi ba.

Tun zamanmu na farko ta ajiye kujera huɗu, alhali mu uku ne. Na ce mata mun cika. Ta ce ta sani. Kowace Alhamis kujerar nan tana nan babu kowa a kai, har ta fara ba ni haushi. Makon jiya ta tambayi Smaranda, da akwai wanda ke zaune a can, me za ta ce masa. Yarinyar ta daɗe tana murza hannun rigarta. Sannan ta ce, ba Malama take kallo ba, ni take kallo: "Inna, Mama waccan ƙaramar yarinyar da ta bari ta sani, ita take wa wahala, ita take saya wa kaya. Ni wannan ƙatuwar ba ta san ni ba. In ta dawo ta tarar ba 'yarta ba ce fa?" Otilia, na rasa inda zan sa kaina. Toader ya tashi ya je taga ya ba mu baya, ya ce wai hayaƙin murhu ne ya shiga idonsa, a ɗakin da babu murhu.

Ba zan yi miki ado ba. Tana ci yanzu, amma kowane cokali yaƙi ne. Akwai ranar da takan yi hira har ta tsokani Toader a kan sanƙonsa, akwai ranar da ba ta cewa uffan. Likita ya ce in nan da mako uku zuciyar ba ta farfaɗo ba, za a kwantar da ita a asibiti a birnin Iași. Ina jin tsoro, ƙanwata. Tsoron da nake ji ban ji irinsa ba ko ranar da aka shigo da gawar Ilarie. Kin ba ni amanar yarinya mai kumatu, ga abin da na yi da ita. In za ki zage ni, ki zage ni, na cancanci zagin, amma ki bari sai mun fitar da ita.

Da izininta nake rubuta wannan. Da farko ta ce in na gaya miki ba za ta ƙara yi mini magana ba. Shekaranjiya muna ɓare wake ta ce, to, in rubuta, amma in faɗa duka, har da na buhun. Ga shi na faɗa.

Na san ki. Kina gama karantawa za ki fara cusa kaya a jaka kina kuka, ko ki kira ta kina rantsuwa cewa laifinki ne. Kada ki yi ko ɗaya tukuna. In ta ga kin rushe, za ta koma lallashinki, ta ce miki komai lafiya, mu koma gidan jiya. Maganar zuwanki za mu yi ta, kuma ina so ki zo, amma Malama Oltea ta ce a fara da wannan. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu namu, wato uku naku, lokacin da tsohuwarki ke barcin rana, zan kira ki in jingina wayar a kan kujerar nan ta huɗu. Ki zo da fuskarki yadda take, ki bar jan-bakin. In an tambaye ki yaya kike, ki faɗi gaskiya, ko da gaskiyar ita ce bayanki na ciwo kuma kin gaji. Yarinyar nan a wurinmu ta koyi ɓoyewa, ni da ke. Kwali kuwa, ki aiko da kofi da taliya in kina so, amma kada ki sa tufa ko ƙwaya ɗaya.

Toader yana gaishe ki, ya ce in gaya miki ya sa wa 'yar maraƙar sunanki saboda taurin kai. Fada Gherasim yana sa ku a addu'a ke da ita. Tsohuwa Safta tana gaisuwa, har yanzu ta tsaya a kan ashanarta. Ki gaishe da Aurica ta gidan malamin makaranta in kun haɗu a coci, ki ce mata uwarta ta samu maganin.

A cikin ambulan za ki ga jan zaren ulu a naɗe. Ba na tsari ba ne, kada ki ɗaura a hannu. Jiya da rana Smaranda ta cire takalmi ta tsaya a jikin ƙofar kicin, Toader ya taka bakin zaren a ƙasa, ni na hau kujera na yanke daidai tsakar kanta. Ita ta ce a aiko miki. Ki warware shi a jikin bango, ki taka ƙasan, ki ɗaga hannu har inda ya ƙare. Sai kin ɗaga kai kafin ki ga ƙarshensa. Wannan ita ce 'yarki, ita za ki gaisa da ita ranar Alhamis.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki da ta yi miki laifi, take kuma ƙaunarki,
Veturia