Shayi Uku Tsakanin Tambutu da Bamako

Ya Jahara, inuwar azahar ɗina, ruwan randata a watan zafi, matar da ta jure surutuna shekara da shekaru ba ta kai ƙara ba,

Ina sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa, cewa yau Malam Alkaya, mai koyar da labarin ƙasa, wanda ya haddace tsawon kogunan duniya, ya gano inda ake ajiye gishiri a gidansa. Sai da na zuba a miya na gane sukari ne. Na cinye, don babu wanda zan ɗora wa laifi.

Ke kuma Hadeye, 'yata, na san ke za ki karanta wa uwarki wannan. Ban da dariya, kuma kada ki tsallake wuraren da suka ba ki kunya.

Jahara, kin tuna ranar da likita ya ce sai a Bamako za a cire yanar da ke idonki na dama, wanda shi kaɗai ya rage miki? Kika ce in bar jarrabawar yara mu tafi tare. Na shimfiɗa taswira a tabarma, na ce, "Haba, uwargida! Awa ɗaya da rabi ne fa a jirgin sama. Kafin a sha shayi na uku na iso. Gidan yayarki ma ya fi nisa, in aka haɗa da gaishe-gaishen hanya." Kika ce, "Malam, ni dai inda ƙafata ba ta kai ni, ba kusa ba ne." Na yi dariya. Na rantse miki ranar da za a kwance bandejin, wannan tsohuwar fuskar za ki fara gani, ko da za ki roƙi a mayar miki da shi. Kuka tafi ke da Hadeye, ni na tsaya sai an gama jarrabawa.

Jibi za a kwance. Jirgi kuwa ya daina zuwa, kuma babu wanda ya san har yaushe.

Kullum ina filin jirgi. Mai tikiti da ya hango ni sai ya ce, "Baba Malam, taswirar taka ba ta tashi ne?" Hanyar mota kin san 'yan bindigar da ke kanta, direbobi sun jingine aiki. Na je bakin kogi, ruwa ya janye, jiragen ruwa na kwance a yashi kamar shanun da suka ƙoshi. Sama a rufe, ƙasa a rufe, ruwa ya gudu!

Wa ya riƙe hannunki da za a shiga da ke ɗakin tiyata? Wa zai yi miki ƙaryar cewa ba ya jin tsoro? Ke ce ambaliyar da ke rayar da shinkafata, ke ce ƙamshin burodin takula da ke fitowa daga tanda da hantsi. Ina kallon tsuntsaye suna yin kudu ba tikiti, ni da littattafaina muna zaune a soro. Wayyo Jahara! Wannan takarda za a ɗauki hotonta a waya ta iso miki kafin in rufe alƙalami, mai rubutun kuma ko garin Mopti da ke kan hanya ba zai kai ba.

Idan ido ya buɗe, ki kalli Hadeye. An ce hancina gare ta, ki yi haƙuri da shi. Idan kuma bai buɗe ba, ni ne idonki har a kai ni kabari. Jakata na bakin ƙofa, ba zan kwance ta ba.

Taswirar na naɗe ta. Ke ce da gaskiya, Jahara. Bamako da nisa.

Naki, a kusa ko a nesa,
Alkaya