Likita, Ka Ce Ba Ciwo Ba Ne, Gari Ya Ce Uwata Ce

Zuwa ga Likita Bature mai duba lafiyar ƙasar Sakkwato,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ranka ya daɗe. Ni ne Mamman, mai safarar kanwa a kan jakuna tsakanin kasuwar Isa da Maraɗi ta ƙasar da Faransi ke mulki, daga wani ƙauye kusa da Tozai. Kukana a kan mahaifiyata ne, Inno mai daddawa.

Na farko. Bayan yankan gero na bana, matan garinmu suka fara faɗuwa a bakin rijiya. Ɗaya ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa, wadda ta gan ta ita ma ta bi, har abin ya kai masussuka. Ka zo da kanka, ka duba idanunsu, ka ɗebi jini da ruwan rijiya. Ka gaya wa hakimi babu sanƙarau, babu guba, tsoro ne ke tashi daga wannan ya kama waccan, in hankalinsu ya kwanta zai wuce. Ka shiga mota ka tafi. Ban ce ka yi ƙarya ba.

Na biyu. Ba ka san mu ba. A wurinmu, ciwon da likita ya duba bai gani ba, maita ce. Ƙurar motarka ba ta kwanta ba aka shiga neman mai ita. Wata da ta faɗi ta ambaci sunan Inno, don da ita ta gamu a hanyar rijiya kafin ta faɗi. Tsohuwar da ta goyi rabin waɗannan matan a bayanta!

Na uku, kuma shi ne ya karya ni. Ina kan hanyar Maraɗi aka fito da ita tsakar gari, aka ce ta tsallake marasa lafiya don ta saki kurwarsu, kamar yadda ake sa wanda ake zargi. Ta rantse, ta yi kuka, daga baya ta tsallaka. Matan suka miƙe garau. Kai ka san dalili, tsoronsu ne ya fita kamar yadda ka faɗa. Amma wa za ni gaya wa haka? Warkewarsu ta zama shaida a kanta.

Yanzu ba mai sayen daddawarta. In ta fito, uwaye sai su janye 'ya'yansu. Na je wurin alƙali, ya ce tun da ba a buge ta ba, babu ƙara. Hakimi ya ce gari ya lafa, kada in tayar da shi. Wallahi na rasa inda za ni sa kaina.

Roƙona kaɗan ne. Ka dawo ranar kasuwa, ka tsaya gaban jama'a da tafintanka, ka ce tsoro ne ya kayar da su, ba Inno ba. In aiki bai bar ka ba, ka aiko malamin asibiti. Ka yi sauri, don ta daina cin abinci. Jiya ta kira ni ɗaki, ta tambaye ni a hankali ko mutum yana iya zama maye bai sani ba. Na ce a'a, amma na ga ba ta yarda da ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka iyali, ya sa kada ka taɓa jin irin wannan tambaya daga bakin wadda ta haife ka.

Wassalam.

Mamman ɗan Inno